Masaƙar Tokuji Ta Yi Shiru

Amino, farkon Nuwamba

Ƙanena Noboru,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Harue. Sanyi ya fara sauka nan, iskar teku sai kaɗa tagogi take yi. Na san za ka ce me ya hana ni buga waya. Ka san kunnuwana. Shekara arba'in ina tsaye gaban injin saƙa, yanzu in an yi mini magana a waya sai in ji kamar daga ƙasan rijiya.

Kwamfutar masaƙa ta mutu. Waccan farar da ta koma ruwan ƙasa, wadda ka raka mijina Tokuji kuka sayo shekarar da na haifi Mariko. Ranar Litinin na danna ta, ban ji ɗan kukan nan nata na "fi-fo" ba. Gilashin baƙi ƙirin, sai wari kamar na ruɓaɓɓen kifi daga bayanta. Ita ke karanta zane daga faifai ta gaya wa injin zaren da zai ɗaga. In babu ita, injin tarin ƙarfe ne kawai.

Ma'aikacin ƙungiyar masaƙa ya zo ya leƙa, ya yi dariya. Ya ce, "Inna, wannan ai ta girme ni! Sai dai a canja kan injin gaba ɗaya." Na ce to faya-fayan namu fa? Ya ce sababbin ba sa gane rubutunsu. Akwati biyu fa, Noboru, duk zanen furanni da igiyar ruwa da Tokuji ya yi kafin hannunsa ya mutu.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, abu ɗaya ya rage masa. Kowace safiya ina tura kekensa na marasa lafiya kusa da injin, ya ɗora tafin hagu a jikin katakon yana jin girgizar. A nan nake ba shi abinci, a nan yake ci. Na gaya masa kai za ka gyara, ya gyaɗa kai.

Na naɗe kwamfutar da bargo na ba mai motar kaya. Akwai busasshen kifi a ciki, na Harue ne.

Yayarka,
Kinue


Osaka, tsakiyar Nuwamba

Yaya,

Muna gaishe ki, muna gaida Yaya Tokuji. Kaya sun iso. Harue ta ce kifin ya yi gishiri, amma ita ta cinye rabi.

Wallahi kin iya ajiya! Na buɗe cikin tsohuwar kwamfutarki, na tarar da ƙurar alharini da za ta isa a ɗinka wa jariri riga. Warin da kika ji daga 'yan gwangwanayen nan ne masu riƙe wuta, sun tsufa sun tsiyaye. Batirin agogonta ma ya yi aman gishiri ya cinye hanyoyin tagulla da ke kan babban allon. Na wanke, na canja su, na dinga ɗinke hanyoyin da siririyar waya ɗaya bayan ɗaya. Jiya na kunna, ta ce "fi-fo". Maƙwabcina mai shagon rediyo ya leƙo ya ce, "Kai tsoho, matattu kake tayarwa yanzu?"

Saura abu ɗaya. Kin san ƙaramin allon da ake zurawa ta baya, wanda igiyar injin ke shiga? A kansa akwai wata 'yar baƙar ƙwaya mai ƙafafu kamar shanshani. A cikinta aka rubuta yadda kwamfuta za ta yi magana da injinku, kuma rubutun ya dushe kamar tsohuwar tawada. Ƙwayar ba wuyar samu, ina da irinta cike da gwangwani. Abin da za a zuba a ciki ne babu, don kamfanin da ya yi allon ya rufe tun tuni. Zan nemo wata mai rai in kwafa.

Ki ce wa Yaya Tokuji ya shirya kunnuwansa.

Ƙanenki,
Noboru


Amino, ƙarshen Disamba

Noboru,

Ina gaishe ku. Ƙanƙara ta rufe ƙofar baya. Fiye da wata guda ke nan ban ga takardarka ba, ni kuwa kullum ina leƙa akwatin wasiƙa kamar budurwa.

Dillalinmu na Kyoto ya zo da kansa, ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya ce ba zai iya ƙara jira ba, ya kai aikin wani gida. Ban ga laifinsa ba.

Ba wannan ke damuna ba. Tokuji ya daina ci. Na dama masa kunun shinkafa, ya kau da kai. Maƙwabta sun kawo kaguwa, ko kallonta bai yi ba. Sai na yi wata dabara. Na cire zaren, na kunna injin haka nan ba kwamfuta, don dai ya ji ƙara. Na turo shi, ya ɗora hannu. Ko minti ɗaya bai yi ba ya janye, ya kalle ni. Noboru, ban taɓa ganin irin kallon nan ba. Ya san ba saƙa ake yi ba. Na ce, "Baban Mariko, gwaji nake yi kawai." Ya rufe ido, bai sake buɗewa ba sai da na kashe.

Mariko ta rubuto daga Sendai wai mu sayar da komai mu koma wurinta. A hawa na tara take zaune. Me ubanta zai taɓa a can?

Ka gaya mini gaskiya, ko da ba daɗi.

Kinue


Osaka, Janairu

Yaya Kinue,

Ina gaishe ki. Na fara takardar nan na yaga, na sake farawa.

Na je har Hamamatsu neman mutumin da ya ƙera allon, wani Tsuruoka. Na same shi a gidan kula da tsofaffi, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Na ɗora masa allon a cinya. Ya juya shi, ya shafa, ya ce, "Kai, aiki mai tsabta. Wa ya yi?" Na ce, "Kai ne, Malam." Ya yi dariya ya ce, "A'a, ni ɗan makaranta ne." 'Yarsa ta ce takardunsa duk an zubar lokacin da suka tashi daga gidan.

Daga baya na samu. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa a Fukui ya rushe wata masaƙa, a cikin tarkacen akwai allo irin naku. Na tafi da kaina, na ɗauko shi a cikin rigata. Na gwada, ƙwayarsa na da rai.

Yaya, abin da ya rage shi ne in cire ta in ɗora a kan na'urar kwafa. Aikin da na yi sau ba adadi. A gefe ɗaya na ƙwayar akwai ɗan tsagi da ke nuna gabanta. Idona na dama ya yi shekara biyu yana hazo, likita ya ce jijiyar ce, ba ta gyaruwa. Ban gaya miki ba don naki ya ishe ki. Na duba na ga kamar tsagin yana sama. Na ɗora ta a juye, na ba ta wuta. Da na taɓa, ta ƙone mini yatsa.

Shi ke nan, ƙwayar ta mutu. Na buga waya duk garuruwan masaƙa, daga Kiryu har Hakata. Babu wata.

Harue ta same ni zaune a ƙasan shago, ta ce, "Tashi mana, ai ba mutum ka kashe ba."

Kwamfutar tana nan kan teburina, lafiyarta lau. Tana tashi, tana karanta faifan da kika haɗo da ita, zanen ya fito a gilashi tsaf, furannin Yaya Tokuji har da ganyensu. Ba ta dai da bakin da za ta gaya wa injin. Ban san yadda zan dubi idonsa ba. Ki yafe mini.

Noboru


Amino, Fabrairu

Ƙanena,

Na samu takardarka. Haushin da na ji ɗaya ne, da ka ɓoye mini zancen idonka. Sauran ba laifin kowa ba ne, kada ka sake zama a ƙasa.

Ban karanta wa Tokuji ba. An kwantar da shi asibitin gari tun makon jiya, ciwon huhu. Likita ya kira ni gefe, ya yi magana a hankali, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga fuskarsa. Mariko tana hanya.

Ka zo, kai da Harue. Kada ka hau jirgin ƙasa kai kaɗai da wannan idon. Kwamfutar ka bar ta a can. Ka dai taho da baƙar kwat ɗinka ta zuwa jana'iza.

Yayarka,
Kinue