Rantsuwar da Ka Sa Na Yi a Kan Ciwon Baba

Zuwa ga yayana Mutawalli, a Kuwait.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan an gama yankan shinkafa, saniyar Gwaggo Fatahiyya ma ta haihu. Na ba Alhaji Shahata mai zuwa Kuwait wannan takarda ya kawo maka ne domin duk sanda na ɗauko zancen Baba a waya, sai ka ce layi ba kyau.

Yaya, na kasa zaune na kasa tsaye. Baba sai ramewa yake, miyar lalon da yake so ma loma biyu yake yi ya ture kwano. Likita Shaima ta asibitin Mansura ta ce kansar hantar ta wuce tiyata, amma suna gwajin wani sabon magani a kan marasa lafiya kaɗan. Za su zura siririn bututu ta jijiyar cinya har hanta, su tura wasu ƙwayoyi da suka fi gari laushi, masu ɗauke da haske mai ƙuna, su ƙone ƙarin daga ciki. Ba ta yi mini alkawarin warkewa ba. Ta ce wataƙila a ƙara masa watanni cikin sauƙi, wataƙila a'a. Gurbi biyu ya rage, ranar Alhamis za su rufe.

Ga inda gizo ke saƙar. Ba sa karɓar sa hannuna ko naka. Sai an karanta wa Baba komai, an kira ciwon da sunansa, ya dangwala yatsa da kansa. Na roƙi likitar ta ce masa tsohon ciwon hantar nan ne ya motsa, ta ƙi. Kai kuwa ka sa na dafa Alƙur'ani cewa ba zai ji ba, wai fargaba za ta kashe shi. Wata bakwai ina yi wa mahaifina ƙarya ina murmushi, kai kana can kana ba da umarni. Wallahi na gaji, kuma ina jin haushinka. Shekaranjiya ya tambaye ni ko zai ga girbin alkama, na ce wake na ƙonewa a wuta, na gudu. Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na so in jira amsarka, amma Alhamis ba za ta jira ba. Jiya na yanka agwagi, na dafa shinkafa, na ciyar da miskinai goma. Kaffarar rantsuwar ke nan. Ni zan faɗa masa da bakina kafin mu shiga motar zuwa asibiti ranar Alhamis, in ya ƙi gwajin, shi ya ƙi.

Ka gaishe mini da Sabah, da Karim, da 'yar auta Duha. Ranar Alhamis da hantsi kada ka kashe wayarka, don na san kai Baba zai fara nema.

Ƙanwarka,
Najat