Abin Wuyan da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Teburi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Nermin, Ilhana, ku yi haƙuri da na ɗora muku karatun doguwar takarda, alhali kowannenku da abin da ke gabansa. Na so in faɗa muku da baki, amma kun san ni, da na buɗe baki sai maganar ta ƙanƙance, in ƙare da tambayar ko kun ci abinci. Ni ce mahaifiyarku, Mevlida, nake rubutu da hannuna a gidanmu na Visoko. Hankalina cikakke ne, ba wanda ya sa ni, kuma yau ban sha maganin nan mai sa jiri ba tukuna. Ranar Alhamis ta sama za a yi mini aikin zuciya a Sarajevo. Likita bai ɓoye mini ba, na kuma gode masa: ana tashi, wani kuma ba ya tashi. Rai na Allah ne.

Na ɗaya. In ban tashi ba, a binne ni kusa da babanku. Ba na bin kowa bashi, ba a kuma bi na. Sai azumi tara da na sha bana saboda ciwo, ku ciyar a madadina. Alƙur'anina mai koren bango, wanda na sauke a makarantar masallaci ina 'yar shekara goma sha uku, a ba 'yarka ta fari, Nermin. A gaya mata alamun fensirin da ke ciki wuraren da nake yawan tuntuɓe ne.

Na biyu. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda Allah ya hukunta. Kayan da na gama ƙerawa suna cikin akwatin katako: 'yan kunne, zobba, da sarƙoƙi shida. Kowanne na ɗaura masa 'yar takarda da nauyin azurfarsa. A kai su baje kolin masu sana'ar hannu na watan Disamba, teburina yana nan da sunana. Akwai zobba biyu da na ɗaure da jan zare, haɗinsu bai kwanta mini ba. Ko a narkar da su, ko a gaya wa mai saye. Kada a sayar a yi shiru.

Na uku. Madubina na kasuwa, mai ƙafar tagulla, a ba ƙawata Zumreta. Ba magajiya ba ce, don haka ina da ikon yi mata wasiyya da shi. Dama ita ya fi yi wa aiki.

Nermin, kai ka bar gida da wuri, ba ka san yadda muka yi da ita ba, ka dai san kuna kiranta teta, wato goggo, tun kuna rarrafe. Tare muka yi karatun masallaci, ni a gaba ina bitar darasi, ita a baya tana cin gyaɗa. Tare muka koyi aikin azurfa da girmanmu, muka yi shekara goma sha ɗaya a kan teburi guda a ɗakin baya na gidan nan. Ni ce mai tsabtar hannu, ko ita ba za ta musa ba. In na yi 'yan kunne, ka ɗora su a sikeli ba za ka sami bambancin ƙwayar gero ba. Ita kuwa haɗinta a karkace, guduma duk ta bar tabo. Takan ce mini, "Ke Mevlida, ko numfashi sai kin auna shi kafin ki ja."

Wata rana finjalin gahawa na mahaifiyata, mai zanen shuɗi, ya kuɓuce mini ya tarwatse. Na ɗauko tsintsiya ina share shi ina hawaye. Zumreta ta duƙa ta tsinci gutsure ɗaya, ta ɗaga shi wajen taga, ta ce, "Tsaya mana, uwar gaggawa." Washegari ta kewaye shi da azurfa ta rataya a sarƙa. Daga nan sunanta ya tashi. Yau mata daga Zagreb da Ljubljana suna aiko mata da fasassun finjalan kakanninsu a mayar musu abin wuya. Finjalin nawa ne. Uwar tawa ce. Tsintsiya na gani, ita ta ga abin da ta gani, kuma shekara goma sha biyar ke nan ban yafe wa idona ba.

A kasuwa teburanmu a jere suke. Mata su zo su cika gabanta, su ajiye jakunkunansu a kan kayana. Ita ba ta taɓa tunawa ta zo da madubi ba, sai ka ji ta ce, "Leƙa na 'yar'uwata, nata ya fi faɗin gaskiya." Haka zan zauna ina riƙe wa mace madubi tana juya wuya da kayan wata, in ce mata ya yi miki kyau. Kuma ya yi ɗin. Abin da ya fi ci mini rai, in na tafi sallar azahar na bar mata teburina, kafin in dawo ta sayar mini da abin da ban sayar ba tun safe. Ta miƙo mini kuɗin tana dariya, "Ki riƙa daɗewa a sujada, kasuwarki ta fi tafiya in ba kya nan." Na san wasa take yi. Ban taɓa jin sa a matsayin wasa ba.

Na san sunan abin da ke damuna, na karanta shi, nakan nemi tsari daga mai yin sa safe da yamma. Ban taɓa zaton ni ce ake neman tsari da ita ba. Daga ƙarshe na ce mata ɗakin ya yi mana kaɗan, kuma warin gas ɗin da muke narka azurfa da shi yana damun ƙirjin babanku. Ƙirjinsa lafiya lau yake a lokacin. Ta dube ni ta daɗe, ta tattara kayanta ta tafi. Masu shirya kasuwa kuwa har yau jera mu suke yi, a zatonsu alheri suke mana.

Na huɗu. Wannan naki ne, Ilhana, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Kin tuna baje kolin Mostar na bazara, kina shekara goma sha tara. Kin yi mako uku kina aikin abin wuyanki na farko: dutsen kogi mai ruwan toka, kin riƙe shi da wayar azurfa uku, ɗaya ta fi sauran tsawo. Kika ajiye shi a gefen teburina, kika ce kunya ba za ta bar ki ki tsaya ba, kika tafi yawo da ƙawayenki. Da kika dawo la'asar kika tambaye ni, na ce miki ba wanda ya taya, mutane ba sa son abu a karkace.

Ƙarya na yi miki. Kafin awa guda mutum uku sun tambaya. Ta ukun wata dattijuwa ce mai farin gashi, ta sa shi a wuya, ta duba madubin nan, ta ce nawa ne ko nawa ne. Na ce ba na sayarwa ba ne. Na karɓe shi daga wuyanta, na naɗe a hankici, na tura ƙarƙashin teburi cikin kwalin abincinmu. Da yamma na fito da shi na mayar inda kika bar shi.

Ba zan ce don in kare ki na yi ba. Na dubi abin wuyan nan ne na ga hannun Zumreta a jikin 'yar da na haifa. Ni na koya miki riƙon magagari, ni na tsaya a kanki har kika iya haɗi ba tabo, amma da kika tashi yin naki, idonta kika ɗauko. Kuma a kan teburina, kayana na gefe ba wanda ya kalle su. Zumreta tana can tana fama da masu saye, ba ta gani ba. Allah ya gani.

Kika ajiye aiki shekara biyu kina sayar da wayoyin salula a shago. Kullum in kin dawo da yamma ina ganin hannuwanki fes ba baƙin azurfa, in ce gobe zan faɗa miki. Har Zumreta ta je ta same ki, ta yi miki tsiya a gaban mai shagon, ta ja ki zuwa wurin aikinta a Sarajevo. Abin da ya kamata uwa ta yi, ita ta yi shi. Maimakon in gode mata, sai na ƙara jin haushinta. Ranar da na ji kina gaya wa wata mai saye cewa teta Zumreta ce ta fara yarda da ke, na koma bayan rumfa na yi kamar ina neman almakashi. Gaskiya kika faɗa, shi ya sa ta yi zafi.

Abin wuyan yana cikin gwangwanin shayi a saman kabad ɗina. Kin ce in jefar, ban jefar ba. Nakan ɗauko shi in duba. Ya fi duk abin da na ƙera a rayuwata, kuma ko yanzu da nake rubuta wannan sai da hannuna ya tsaya. Ki yafe mini in kina iyawa. In ba ki iya yanzu ba, ba zan ga laifinki ba, amma ki gaya mini, kada ki bar ni ina zato.

Na biyar. Teburin aikina, da magagarai, da gudumomi, da sikeli, da injin murza waya, ina so su zama na Ilhana. Na tambayi limamin unguwa, ya ce ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. Don haka maganar tana hannunka, Nermin. Kai aikinka na tuƙi ne, ba abin da za ka yi da su, amma haƙƙinka ne, ba zan tsallake shi ba. Ka rubuto ka ce ka yarda ko ba ka yarda ba. Ka tuna dai ƙanwarka ta yi asarar shekara biyu ta dalilina, kai ban taɓa tare maka hanya ba.

Da farko na rubuta sharaɗi cewa kada teburin ya shiga wurin Zumreta. Na soke. Ki kai shi inda aikinki yake. Amma ba zan ɓoye miki ba, in kika bar shi a ɗakin baya, ko kwana biyu a mako kika zo kika zauna a kansa, zai fi mini daɗi. Hatimina mai harafin sunana kuwa, kada ki buga shi a aikinki. Ki sa a yanka miki naki. Na riga na tsaya tsakaninki da sunanki sau ɗaya.

Na shida. A ƙarƙashin teburin akwai kwalbar zuma cike da garin azurfa. Duk shekarun da muka yi tare da Zumreta, fata guda ce ke tare mana abin da magagari ya ci, kowace Alhamis mu kakkaɓe cikin kwalbar. Ranar da za ta tafi na ce ta ɗauki rabonta, ta ce, "Riƙe kayanki. Wa zai zauna ya tsince nawa daga naki?" Shekara tara ban taɓa shi ba, domin ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma ban san nawa ne nawa ba. Kada ya shiga rabon gado. Ilhana, ki narkar da shi, ki tace, ki ƙera abu biyu yadda idonki ya ba ki, ba yadda nawa zai so ba. Ɗaya nata, ɗaya naki a madadina. Ki karanta mata wannan takarda duka, har da maganar gas. Za ta ce ta daɗe da sani. Ki bar ta ta faɗa.

Roƙona guda, a ɗakin baya za ki narkar da shi. In da hali kafin Laraba, in zauna a kujerar babanku in ga hannunki yana aiki. Ban taɓa kallonki kina yin naki ba, kullum gyara nake nema.

'Ya'yana, ku biyu ne kawai. Nermin, ka riƙa kiran ƙanwarka ba sai da dalili ba. Kada ku sayar da gidan nan cikin fushi ko gaggawa, ku haɗu a cikinsa ko da sallar layya ce kaɗai. In ɗayanku ya samu abin da ɗayan bai samu ba, wanda bai samu ba ya yi maza ya faɗi alheri da bakinsa, tun kafin zuciya ta riga shi. Ni na jira zuciyata ta yarda tukuna, ga inda jiran ya kawo ni. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku da zuriyarku, ya sa ku fi ni wankakkiyar zuciya. Na yafe muku komai, dama ba ku yi mini komai ba.

Ilhana, in za ki zo, ki zo da 'yan kunnen da kika ga dama, ko na Zumreta ne. Zan gani, zai ɗan sosa mini rai, ba zan yi miki ƙarya ba kuma. Madubin yana nan har Laraba, ni zan riƙe miki.

Ku amsa mini da wuri, ku duka biyun. Ranar Laraba da safe za a kwantar da ni a asibiti.

Mahaifiyarku,
Mevlida