Farin Idon Inna

Bukan Sidi, Lafiya
Litinin

Yaya Ashemi,

Assalamu alaikum. Ya aikin asibiti, ya Anti Khadijat da yara? Da fatan kuna lafiya.

Yaya, manita ɗina, allon nan da nake gyaran hotuna a kai, zai kashe min shago. Ya tsufa, komai rawaya yake nuna min, farar riga sai ka ce an tsoma ta a manja. Har na saba, duk hoton da na buɗe sai na janye rawayar tukuna, farin ido kuwa ɗaya bayan ɗaya nake wanke shi. Jiya Madam Francisca ta dawo min da hotunan bikin 'yarta, amarya ta fito shuɗi-shuɗi a takarda. Ta tsaya bakin shago tana cewa, "Zara, wannan ba yarinyana ba ne, wannan gawa ne!" 

Don Allah ka tambayar min maƙwabcinka Terkimbi mai sayar da kwamfuta. Ina son mai sauƙin kuɗi, ko tokumbo ne da aka taɓa amfani da shi, in dai zai nuna min kala ta gaskiya.

Na je Ashige ran Juma'a. Inna ta ce abinci ba ya mata daɗi, kuma susa ta hana ta sakat. Ta ɗan faɗa, ni dai abin bai kwanta min ba. Ga hotonta nan kamar kullum.

Ƙanwarka,
Zara

*

Abuja
Alhamis

Zara,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi.

Na yi magana da Terkimbi. Ya ce kada girma ya ruɗe ki, kuma kada ki biya kuɗin irin na masu wasan gem. Inci ashirin da huɗu ya ishe ki, amma ya kasance nau'in da ake kira IPS, wanda kalarsa ba ta sauyawa ko kin kalle shi ta gefe. Ya zaɓo guda, zan ba direba gobe da safe. Idan kin haɗa, ki ɗauki farar takarda hoto, ki buɗe, ki kara takardar a jikin allon. In farinsu ya zo ɗaya, ya yi.

Susar Inna ta tayar min da hankali, domin ga masu shekarunta wani lokaci daga hanta take tasowa. Amma na ƙara girman hoton na duba idonta, fari ne tas, yadda yake a duk waɗanda kike turowa. Mai yiwuwa zafi ne. A canza mata sabulu.

Ki gaida Inna. Na bar ki lafiya.

Ashemi

*

Bukan Sidi
Asabar

Yaya,

Salam. Na kira ka sau shida, na san kana kan aiki. Ka karanta wannan ko a tsaye ne.

Manita ya iso. Na gwada takarda, fari ya zo ɗaya. Don murna sai na buɗe hoton Inna na asali, yadda kyamara ta ɗauko shi ban taɓa ba. Mayafinta fari ƙal. Bangon ɗakin fari. Idonta ne kaɗai rawaya, Yaya, rawaya kamar ƙwaiduwa. Na ce ko wannan ma ya lalace ne, na buɗe na wasu mutane goma, kowa idonsa lafiya lau.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Farin da ka gani ni na sa shi. Ni nake goge abin da hannuna, ina zagin tsohon manita, sannan in turo maka. Ka san ɗakinta da duhu, ga kwallin da take rambaɗawa, ido da ido ban taɓa lura ba, hasken kyamara ne ya tona. Tsoro nake ji, Yaya. Me zan yi?

Zara

*

Abuja
Asabar, bayan la'asar

Zara,

Salam. Na ga saƙonki, na ga hoton. Ciwon shawara ne, kuma ba ƙarami ba.

Ki share hawayenki ki tashi yanzu. Ki ɗauki shatar mota zuwa Ashige, ki kawo ta asibiti cikin gari. Za a ce miki a jiƙa mata saiwa, kada ki yarda, ko wa ya faɗa. Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Wata biyar ban taka gida ba, na zauna ina duba uwata a hoto.

Likita zai tambayi yaushe abin ya fara, kuma amsar tana da nauyi ƙwarai. Inna ba za ta sani ba. Kina da hotunan asali duka, ki bi su baya-baya a sabon allon har ki iske ranar da idon yake fari da gaske.

Ina neman izinin tafiya. Allah Ya ba ta lafiya.

Yayanki

*

Asibiti, Lafiya
Lahadi

Yaya,

Salam. An ba ta gado, an ɗebi jini, gobe za a yi mata hoton ciki.

Na bi hotunan. Na wuce na watan jiya, na wuce na babbar salla, ina addu'a kowanne ya zama shi ne. Sai a na ƙaramar salla na samu fari.

Na faɗa wa likita. Ya ajiye biro, ya tambaye ni ko ina da babba namiji a kusa.

Kada ka jira izini, ka taho.

Zara