Rafin Ƙofar Inna Yana Raguwa

Talata, aikin farko: miƙe sandar awon iska, ta sake karkacewa.

Zuwa ga Yaya Gulbahar a Karachi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya, Allah ya sauwaƙe miki ciwon gwiwar nan. Mu nan Hunza kalau, an fara yankan alkama, Inna ma da ƙarfinta. Ki yi haƙuri da layin da ke sama, daga littafin aikina na yago takardar.

Yaya, tsoro ne ya sa na rubuto. Kin san shekara shida ke nan ina hawa ƙanƙarar da ke saman garinmu, ina karanta wa malaman jami'a na'urorinsu na iska da na zafi. Yau kwana tara iskar sanyin da ta saba gangarowa ta kwanta, sai mai ɗumi ke hawowa daga kwari tana lasar ƙanƙarar. Kaurinta ya ragu da taki huɗu. Da narkewa irin wannan, kamata ya yi rafin ƙofar gidan Inna ya cika ya batse. Amma raguwa yake yi, har duwatsun wanki sun fito. To ina ruwan yake zuwa? Ina jin a cikin ƙanƙarar yake taruwa, kuma ranar da ya sami ƙofa, gidan Inna ne na farko.

Sau uku na sake awon, duk da haka ban yarda da kaina ba, ni da ban wuce sakandare ba. Malamar jami'ar da nake aika wa awon ta ce in ba ta mako guda. Bara ma na yi shela cewa ambaliya na tafe, mutane suka bar gonaki suka yi kwana biyu a kan tudu, ko ɗigo bai zo ba. Har yau in Kawu Daulat ya gan ni sai ya tambaya ko na gama sassaƙa jirgin ruwan da zai tserar da mu, wai in ajiye masa wuri kusa da taga. Jiya na roƙi Inna ta dawo gidana a kan tudu. Ta ce ita da ƙanƙarar nan sun san juna tun ba a ƙera fankata mai juyi ta awon iska ba, in shanye shayina in ba ta wuri.

Ke take jin maganarki. Don Allah ki kira ta a waya, ko mako biyu ne ta yi a wurina. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma kada ki ce ni na sa ki.

Ki gaida maigida Ibadat Shah, da Nilofar, da Rehmat. Matata Zumrad tana gaishe ku.

Ƙaninki,
Sifat

Aikin gobe:
Auna rafi da safe da la'asar.
Kwaso awakin Inna, in ta bari.
Samun limami kan shela. Ban san da wane baki ba.
Share ɗakin baƙi, ko za ta zo.