Takardar da Na Naɗe Ƙosai da Ita

Zuwa ga Malam maigidana,

Gaisuwa mai yawa. Na san wannan wasiƙa ba za ta same ka ba, babu jirgin da ke zuwa inda kake. Amma ni ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Ranar Talata ina tashar jirgi a nan Gagarawa da kaskon ƙosaina. Wata fasinja ta miƙo hannu ta taga, na yago takarda na naɗe mata. Ina ɗaga hannu sai na ga rubutun fensir a gefen takardar, mai ya fara jiƙa shi. Rubutunka ne, Malam. Na janye hannuna, matar tana ta yi mini faɗa har jirgi ya tashi. Na juye ƙosan a faranti na karanta.

Ai ka san takardar daga ina take. Cikin manyan littattafan nan uku na kwance da ka sayo a Kano, shekarar da aka koma naira. Na tuna ranar da aka sauke su a kwali, suna warin ajiya, gara ta ci gefen ɗaya, sunan mai su na da an soke shi da biro. Ka ce ɗaya ƙamus ne na Littafi Mai Tsarki, ɗaya na taswirar ƙasashe, ɗaya kuma sharhin malaman zamani ne na Turai. Kekenka ka rabu da shi dominsu, ka koma takawa da ƙafa zuwa ƙauyuka yin wa'azi. Tun daga nan na tsane su.

Ka tuna ranar da ina tsince wake kana fassara mini, ka ce malaman nan suna ganin littafin wani annabi ba mutum ɗaya ya rubuta shi ba, mutum biyu ne ko uku? A kunnena saɓo ne. Mu da aka koya mana Maganar Allah ba a yi mata gyara, ba a yi mata tambaya. Na ci gaba da tsince wakena. Washegari na tafi wurin Kawu Bitrus, babban dattijon ikilisiyarmu.

Ni ce, Malam. Ba wani ba ne. Kuma ban tsaya kan abin da na ji ba. Ban ce karantawa kake yi ba, cewa na yi ka gaskata. Dattawa suka zauna, suka ce iyayenmu da Littafi ɗaya suka ba da gaskiya, wanda ya nemi na biyu ya fara raina na farko. Suka hana ka tsayawa gaban jama'a. Wata bakwai kana zama a bencin baya kana waƙa da kowa, har sanƙarau ya ɗauke ka da bazara. Ba ka taɓa tambayata wa ya kai ƙararka ba. Ka sani ne ka yi shiru? Ko ba ka taɓa kawo ni a ranka ba? Ban san wanne ya fi yi mini ciwo ba.

Bayan rasuwarka na ji tsoron ƙona su, na ji tsoron ajiye su, sai na mai da su abin naɗin ƙosai. Ina yagowa ina kau da kai. Wata huɗu ke nan.

A gefen takardar ka rubuta da Hausa cewa ba ka gamsu da maganar nan ta littafin annabin ba, hujjarsu ba ta isa ba, za ka kai wa Kawu ku duba tare. Da na koma gida na buɗe abin da ya rage. Kusan kowane shafi da fensirinka, wani wuri ka yarda, wani wuri ka musa, duk da Hausa, da manyan baƙaƙe irin waɗanda nake iya karantawa. Kai da kake jin Turanci, wa kake rubuta wa Hausa in ba ni ba? Na sayar da rubutunka tare da ƙosan kwabo. Wani shafin ya tafi Nguru, wani Kano, an goge hannu da shi an yar ta taga.

Labarin gida: 'yarmu Saratu ta shiga aji huɗu, idonta irin naka, komai sai ta tambayi dalili, kuma na daina tsawata mata. Gero ya yi bana, ba kamar shekarun fari ba. Akuyarka ta haifi biyu. An turo sabon mai bishara daga Gumel, yana da kirki, amma bai san sunanka ba, domin ba a ambatonsa a coci. Saratu ta tambaye ni me ya sa. Na ce wuta na ci a murhu, na tashi.

Takardar tana cikin kwallar da nake ajiye tufafina, ƙarƙashin zanen aurena. Ranar Lahadi na ɗaure ta a bakin zane na tafi da ita. Kawu ya gaishe ni a ƙofa, ya tambayi lafiyar yara. Na durƙusa na amsa, na shige, na dawo da ita gida.

Allah ya ba ka hutu, Malam. Har yanzu ban tsaya gaban dattawa na ce ƙarya na yi maka ba.

Ni ce matarka,
Ladi