Jinin cibiyar jaririn da muke jira

Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, na roƙi mai kula da zauren nan ya sakaya sunana.

Ni malamin firamare ne a wajen Bunkure, ina taɓa noman rani a bakin kanal. 'Yata ta fari shekararta tara, bara kaluluwa ta fito mata a wuya, muka yi ta shafe-shafe ta ƙi sacewa, da muka kai ta asibiti a Kano aka yanki kaɗan aka auna, aka ce ciwon daji ne. An yi mata kemo, wato ƙarin ruwan maganin daji, gashinta ya zube, kumburin ya tafi, har sadaka muka yi. Bana da kaka ya dawo, har a hammata.

Da likitanta ya ga maiɗakina da ciki, ya ce akwai wata hanya amma ba a yin ta a ƙasar nan. In an haihu ana tara jinin da ke cikin cibiyar jariri, a adana, a ƙara wa yarinyar ya gina mata sabon ɓargo. Sai dai a Indiya za a haihu, kuma bai ɓoye min ba, jinin yana iya ƙin dacewa da nata, ko ya dace aikin yana iya tafiya da ita.

Gonar da nake noman ranin ce kaɗai abin sayarwa, ta gado ce ni da yayana, mai saye kuma ya ce sai dai duka. Yaya bai ce a'a ba, kuka ya yi, da ita yake ci da iyalinsa. Inna ta ce mabiyiyar kowa a gidan nan a bayan ɗaki aka binne ta, ba za a kai ta jikanta hannun baƙi ba, tun ranar ba ta amsa gaisuwata. Maiɗakina ta ce duk abin da na yanke, alhali haihuwarta ta baya da ƙyar jini ya tsaya. Yarinyar kuma ta ji zancen, kullum tana kara kunne a cikin uwarta tana tambayar yaushe likitanta zai fito.

Wallahi na gaji. Cikin ya shiga wata bakwai, in ya ƙara nisa jirgi ba zai ɗauki maiɗakina ba. In raba yayana da gonarsa a kan abin da babu tabbas, ko in zauna ina kallon 'yata? In na zauna, ranar da aka haihu me zan ce wa yarinyar?