Daɓen ɗakinka ya tsage

Salamu alaikum Sani. Ya aiki, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Mu nan Yasore lafiya lau.

Daɓen simintin sabon ɗakinka ya tsattsage. Maginin, ɗan Safana, wai laifina ne, ban zuba ruwa kwana bakwai ba. Ni da na tashi a ginin ƙasa, ina na san ana shayar da ɗaki? Amma fa sabon dakali ya fito a ƙofar gidansa, sumul.

Tambayi injiniyoyin wurin aikinku: ƙishirwa ce, ko simintinmu ne ya yi ƙaura? Na hana maginin taɓa bango sai ka amsa. Ni kaɗai za ka faɗa wa, don innarka ta ce in zuba ruwan, na yi mata dariya.

Gai da yara. A sa mu a addu'a.

Babanka